Shin tsarin Turawan Yamma ne ya azurta ƙasashen Asiya?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Duk sanda aka kawo zancen ci gaban Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan da Singafo, sai a rabu gida biyu. Wasu su ce sun yi arziki ne don sun rungumi tsarin Turawa: dimokuraɗiyya, sakar wa kasuwa mara, kare dukiyar mutum, kotu mai cin gashin kanta. Wasu su ce a'a, ƙarfin hukuma ne da ladabi da biyayya irin na al'adarsu. Duka biyun akwai ɓaraka. Koriya ta Kudu ba ta rabu da mulkin sojoji ba sai bayan zanga-zangar 1987. Taiwan ta zauna ƙarƙashin dokar soja daga 1949 har 1987. Singafo jam'iyya ɗaya ke riƙe da ita tun 1959. Amma Filifin a hannun Marcos da Bama (Myanmar ta yau) a hannun Ne Win su ma kama-karya ce, kuma talaucewa suka yi. To mene ne ya yi aikin? Masana, bismillah.

Barista Nura: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Zancen al'ada shi ya fi sauƙin rushewa. Koriya ta Arewa da ta Kudu harshensu ɗaya, tarihinsu ɗaya, girmama na gaba iri ɗaya. Ma'adinai da manyan masana'antun da Japanawa suka bari ma a Arewa suka fi yawa. Yau an san wadda ke ƙera jiragen ruwa da wadda ta sha yunwa a shekarun 1990. Tsari ne ya raba su, kuma wanda Kudu ta bi daga Yamma ya fito.

Japan ma ba ta ɓoye ba. Daga 1871 zuwa 1873 ta tura tawagar Iwakura, da manyan jami'an gwamnati a ciki, suka zaga Amurka da Turai suna duba makarantu da kotuna da masaƙu da layin dogo. Da suka dawo aka shiga ɗauka: babban bankin ƙasa na 1882 an kwaikwayi na Beljiyam, kundin tsarin mulki na 1889 an kwaikwayi na Jamusawa, sojan ruwa irin na Ingila. Singafo kuwa dokarta ta kasuwanci ta Ingilishi ce, kuma har zuwa 1994 ana iya ɗaukaka ƙara zuwa Landan. Wanda ya ba firayim ministanta Lee Kuan Yew shawara kan tattalin arziki sama da shekara 20 Baturen Holan ne, Albert Winsemius. Kamfanin waje ba ya zuba miliyoyinsa a inda bai amince da alƙali ba.

Dakta Rabi: Barista, abin da ka lissafa duk haka yake, sai dai ka tsallake matakin farko, kuma matakin nan ya taka babban ginshiƙin jari-hujja, wato cewa ba a taɓa dukiyar mutum. Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan dukkansu da ƙwace gonaki suka fara.

A Japan, daga 1946 zuwa 1950, mai gonar da ba ya zaune a ƙauyen dole ya sayar wa gwamnati da gonarsa kaf. Wanda ke zaune a wurin an bar masa wajen hekta 1 ta bayarwa haya. Gonakin haya suka sauko daga kusan kashi 46 cikin 100 zuwa wajen kashi 10. A Koriya dokar ta fito a 1949, aka fara aiki da ita a 1950: ba mai riƙe fiye da kimanin hekta 3, manomi kuma ya biya ninki ɗaya da rabi na amfanin shekara, a rarrabe cikin shekara 5.

Ta Taiwan ta fi tsari, hawa uku aka yi. A 1949 aka ƙayyade cewa mai gona ba zai karɓi fiye da kashi 37.5 cikin 100 na amfanin gona ba, alhali da rabi ko fiye yake karɓa. Wannan kaɗai ya karya farashin gonaki. A 1951 gwamnati ta fara sayar wa manoma filayenta. A 1953 aka tilasta wa masu gonaki sayar da abin da ya haura wajen hekta 3 na fadamar shinkafa, a kan ninki biyu da rabi na amfanin shekara, manomi ya biya cikin shekara 10. Diyyar ma ba tsabar kuɗi ba ce: kashi 70 takardun lamuni da aka ɗaure da shinkafa da dankali, kashi 30 hannun jari a kamfanonin gwamnati huɗu, har da na siminti da na takarda. Aka mayar da mai karɓar hayar gona mai jarin masana'anta, ko yana so ko ba ya so.

Amfanin ya zo ta hanya uku. Ƙaramin manomi mai gonar kansa ya fi kula da ita, hekta guda takan ba da fiye da da. Rarar da ya samu ta tafi kuɗin makarantar yara da taki da keke da yadi, masana'antun gida suka sami masu saye. Sannan ajin manyan masu gonaki, waɗanda da su ne za su cika majalisa su tare duk wani sauyi, ya watse.

Barista Nura: Yaya Rabi, wa ya tsaya a kan wannan aikin? A Japan sojojin mamaya na Amurka ne. A Taiwan hukumar raya karkara ta haɗin gwiwa da Amurka ce. Kuma an biya diyya bisa doka. Ba irin abin da Mao ya yi wa masu gonaki a Sin ba ne.

Dakta Rabi: Diyya a takarda, ƙanena. A Japan an tsayar da farashi, hauhawar farashin bayan yaƙi ta cinye shi, har kuɗin gona ya zama ba a bakin komai ba. A Koriya yaƙi ya ɓarke a watan Yunin 1950, masu takardun diyya suka yi ta karyar da su a wulaƙance don su ci abinci. Amurka kuwa ta goyi baya ne saboda tsoron kada manoma su bi 'yan gurguzu kamar yadda suka yi a Sin. Duba abin da ta yi a inda ta fi ko'ina iko. Ta mallaki Filifin daga 1898 zuwa 1946, ta bar mata majalisa biyu da shugaban ƙasa da kotun ƙoli da Turanci, amma ba ta taɓa manyan gonakin rake da kwakwa ba. Iyalan da ke da gonakin su suka zama sanatoci. Dokar Marcos ta 1972 gonakin shinkafa da masara kaɗai ta shafa. Ta 1988, zamanin shugabar ƙasa Corazon Aquino, ta buɗe ƙofar a ba manoma hannun jari maimakon fili, kuma gonar danginta, Hacienda Luisita, ta nan ta bi, sai da kotun ƙoli ta sa baki bayan shekara 20 da wani abu. A 1960 kuɗin shigar ɗan Filifin ya fi na ɗan Koriya ta Kudu.

Injiniya Sadiƙu: Bari in ɗora daga inda Dakta ta tsaya, don ba a gona kaɗai gizo ke saƙa ba. Janar Park Chung-hee ya yi juyin mulki a Koriya ta Kudu a watan Mayun 1961. A shekarar ya mayar da bankunan kasuwanci hannun gwamnati, ya kafa hukumar tsara tattalin arziki wadda ta haɗa kasafin kuɗi da tsare-tsare a ofis ɗaya. Daga nan duk mai son bashi ta ƙofar gwamnati zai bi. A 1964 aka karya darajar kuɗin ƙasar, won, daga 130 zuwa wajen 255 a kan dala. A 1965 aka ɗaga kuɗin ruwan bashin banki zuwa kashi 26, a kasuwar bayan fage ya haura kashi 40, amma mai fitar da kaya waje wajen kashi 6 yake biya.

Yadda ake samun bashin nan shi ne sirrin. Ba wasiƙar minista ake kawowa ba, takardar banki ake kawowa mai nuna cewa wani ɗan kasuwa a Amurka ko Japan ya yi odar kaya, wadda 'yan kasuwa ke kira LC. Da ita za ka sami bashi mai sauƙi, ka shigo da ɗanyen kaya ba kuɗin fito. In ba ka cika adadin da aka yanka maka ba, baɗi a ba wani. Shugaban ƙasa da kansa yake zama taron fitar da kaya duk wata, ana bin alƙaluma masana'anta bayan masana'anta. Jami'in gwamnati yana iya cin hanci, kuma sun ci, amma ba zai iya tilasta wa mai shago a Amurka ya sayi rigar da ɗinkinta ya karkace ba. Kayan da suka fitar sun kai dala miliyan 100 a 1964, suka kai biliyan 10 a 1977.

Kamfanin ƙarfe na POSCO kuwa Bankin Duniya cewa ya yi bai dace da Koriya ba, masu ba da bashi na Yamma suka janye. Aka karkatar da wani ɓangare na kuɗin da Japan ta biya Koriya a yarjejeniyar daidaita hulɗarsu ta 1965, aka ɗauko ƙwararru daga kamfanonin ƙarfe na Japan, aka kunna tanderun farko a 1973 da ƙarfin tan miliyan 1 da 'yan kai a shekara. Wannan ba sakar wa kasuwa mara ba ne ta kowace fuska.

Sani Ɗan Fagge: Injiniya, to mu ma ai mun hana shigo da kaya mun ba da tallafi. Me ya hana?

Injiniya Sadiƙu: Rabin maganin aka sha. Masana'antar haɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, shekarar da kamfanin Hyundai na Koriya ya fitar da motarsa ta farko, Pony. Injin Pony na Mitsubishi ne, zanenta na wani Baitaliye, wanda ya kafa musu layin ƙira kuma Bature ne da suka ɗauko daga Ingila. Amma sunan motar nasu ne, kuma tun 1976 aka tura su kasuwar waje, a 1986 suka shiga Amurka. Wanda aka tura waje dole ya koyi ƙira ko ya mutu. Wanda aka killace wa kasuwar gida ba sharaɗi, sai ya zauna yana ɗaura sassan da aka aiko masa. Ba mu kaɗai ba ne. Malesiya ta kafa kamfanin motoci na Proton a 1983, ta kare shi da kuɗin fito mai tsanani, ba ta matsa masa ya yi gasa a waje ba, a 2017 aka sayar wa Geely na Sin kashi 49.9. Ta Indonesiya ta fi muni: motar ƙasa ta 1996, Timor, ɗan shugaban ƙasa Suharto aka ba, kuma motar Kia ce aka sauya wa tambari aka shigo da ita ba haraji.

Malama Hadiza: Ina tsoron kada mai karatu ya fita daga nan da ra'ayin cewa soja mai zafin hannu ne magani. A lissafa duka, kada a tsinci masu daɗi. Bama kafin yaƙin duniya na biyu ita ce kan gaba wajen fitar da shinkafa a duniya. Ne Win ya karɓi mulki a 1962, ya ƙwace kasuwanci ya rufe ƙasa. A watan Satumban 1987 ya soke takardun kuɗi na 25 da 35 da 75 ba tare da canji ba, ya fito da na 45 da 90. Ajiyar mutane ta zama takarda a rana ɗaya. Marcos ya ciwo bashi ya gina tashar nukiliya a Bataan, sama da dala biliyan 2, ba ta taɓa ba da wuta ba. Yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961 ta kashe mutane miliyoyi barkatai, saboda jami'an ƙauye suna ƙara alƙaluman girbi don tsoro, gwamnati na karɓar hatsi bisa alƙaluman ƙarya, ba jaridar da ta isa ta ce uffan. Indiya da duk tafiyar hawainiyarta, bunƙasar wajen kashi 3.5 a shekara har zuwa 1980, ba ta ga irin wannan ba tun samun 'yanci.

Koriyar ma da ake yabo, a 1970 wani matashin tela, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a Seoul saboda halin da 'yan mata masu ɗinki ke ciki. A 1980 sojoji suka buɗe wa mutanen Gwangju wuta. Shi ya sa da Lee Kuan Yew ya ce dimokuraɗiyyar Yamma ba ta dace da Asiya ba, wanda ya mayar masa da martani a 1994 ba Bature ba ne, Kim Dae-jung ne, mutumin da sojoji suka yanke wa hukuncin kisa a 1980, ya zama shugaban ƙasa a 1998.

Barista Nura: Madalla da Malama. A ƙara da wannan: a 1987 kuɗin shigar ɗan Koriya ta Kudu wajen dala 3,500 ne a shekara, yanzu ya haura 30,000. Mafi yawan arzikin bayan dimokuraɗiyya ya zo. Tilas tana iya gina tanderun ƙarfe, amma ba ta iya sa injiniya ya zauna a ƙasar da ake ɗaure shi don ya yi magana.

Alhaji Laminu: Barista, ranka ya daɗe, tunda ka kawo bayan 1987, sai mu duba rikicin kuɗin Asiya na 1997, don a nan ne aka bi shawarar Yamma sak aka ga sakamako. Shawarar ita ce a buɗe ƙofar kuɗi, jari ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Tailan ta buɗe tagar karɓar bashin waje a 1993, tana riƙe da kuɗinta, baht, a kan 25 ga dala. Sai bankuna suka riƙa ciwo dala mai arha ta wata 3 ko 6, su ba masu gine-gine da baht na shekaru. Kuskure biyu a haɗe: bashi gajere a aikin dogon zango, bashin dala a aikin da baht yake kawowa. Ranar 2 ga Yulin 1997 aka saki baht, zuwa Janairu ya haura 50, bashin kowa ya ninka.

Koriya, don shiga ƙungiyar ƙasashe masu arziki ta OECD a 1996, ta sassauta bashin waje na gajeren lokaci ta bar na dogon lokaci a ɗaure, wato ta buɗe ƙofar da ta fi haɗari. Manyan kamfanoninta bashinsu ya kai ninki huɗu zuwa biyar na jarinsu. Kamfanin ƙarfe na Hanbo ya faɗi a Janairun 1997, Kia ya biyo baya a Yuli, a Disamba ta karɓi ceton wajen dala biliyan 57 ƙarƙashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A Indonesiya asusun ya sa aka rufe bankuna 16 a Nuwamba ba tare da cikakken tabbaci ga masu ajiya ba, jama'a suka ruga sauran bankunan, rupiya ta tashi daga wajen 2,400 ta haura 15,000 a kan dala.

Mahathir, firayim ministan Malesiya a lokacin, ya ƙi. Ranar 1 ga Satumban 1998 ya hana cinikin kuɗin ƙasar, ringit, a waje, aka tsayar da shi a 3.80 ga dala, aka ce jarin hannun jari ba zai fita ba sai ya shekara. An yi ta cewa Malesiya ta kashe kanta, ga shi ta farfaɗo tare da sauran. Sin da Indiya da ba su buɗe ƙofar ba tun farko, guguwar ba ta kayar da su ba.

Barista Nura: Alhaji, Koriyar da ta sha maganin asusun ta yi bunƙasar sama da kashi 10 a 1999, ta gama biyan bashin a 2001 tun kafin wa'adi. Ta bar katafaren kamfanin Daewoo ya rushe, ta tilasta wa kamfanoni buɗe littattafan lissafinsu. Wannan gyaran na Yamma ne, kuma ya yi amfani.

Alhaji Laminu: Ya yi, ban musa ba. Buɗe littafi daban, buɗe wa kuɗin 'yan caca ƙofa daban.

Malam Habu: Ba a taɓo Sin sosai ba, alhali ita ce babbar hujjar kowane ɓangare.

Dakta Rabi: Don kowa rabin labarinta yake ɗauka, Malam. Daga ƙarshen 1978 aka fara raba wa gidaje gonakin gandun haɗaka. Ba mallaka aka ba su ba, har yau ƙasar noma ba mallakar ɗaiɗaikun mutane ba ce. Haya ce, a 1984 aka mayar da ita shekara 15, a 1993 shekara 30. Manomi ya kai wa gwamnati kason da aka yanka masa a farashin hukuma, abin da ya rage ya kai kasuwa. A 1979 aka ƙara farashin hukuma da kashi 20. Hatsi ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa 407 a 1984. Haka aka yi wa masana'antu, farashi biyu a kan kaya ɗaya, don kada birni ya wayi gari abinci ya gagare shi kamar yadda ya faru a Rasha da aka saki farashi lokaci guda a 1992.

Illarsa a fili take. Mai muƙami ya sayi ƙarfe ko taki a farashin hukuma ya juya ya sayar a na kasuwa. Hauhawar farashi ta kai wajen kashi 18 a 1988, kuma fushin wannan cuwa-cuwa yana cikin abin da ya fito da mutane dandalin Tiananmen a 1989. Kasuwa ce ta fitar da ɗaruruwan miliyoyi daga talauci, wannan na Barista ne. Amma bankuna da ƙasa da ƙofar kuɗi suna hannun jam'iyya, kuma kasuwar da ta saye kayan ta Amurka da Turai ce, musamman bayan shigarta Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a Disamban 2001.

Sani Ɗan Fagge: To yau wata ƙasa za ta iya bin sawun Koriya?

Injiniya Sadiƙu: Da wuya ta bi shi sak, Sani. Dokokin ƙungiyar cinikayyar na 1995 sun haramta tallafin da aka ɗaure da fitar da kaya, sun haramta sharaɗin dole a yi amfani da kayan gida, sun kuma tsaurara haƙƙin ƙirƙira zuwa shekara 20. An ɗaga wa ƙasashe mafi talauci ƙafa a wasu wuraren, amma bashin kashi 6 mai sharaɗin LC da kwance injin wani a kwaikwaya, yau ƙara za su jawo. Ga kuma kuɗin Yaƙin Cacar Baki da babu shi yanzu: agajin Amurka, da dalolin da Koriya ta samu don tura sojoji sama da 300,000 yaƙin Biyetnam.

Biyetnam ɗin ce ma misali mafi kusa. Ta fara gyara a 1986, ta mayar wa gidaje gonaki a 1988, a 1989 ta koma mai fitar da shinkafa bayan shekarun ƙarancin abinci. Masana'antu kuwa ba ta gina nata Hyundai ba, sai ta jawo na wasu. Samsung ya kafa masana'antar wayoyi a Bac Ninh, har ya kai shi kaɗai yana da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kayan da ƙasar ke fitarwa. Ayyuka sun samu, albashi ya ƙaru. Matsalar ita ce sassa masu tsada daga Koriya da Sin ake kawo su, kamfanonin gida galibi kwali da roba da ƙananan sassa suke samarwa. Taiwan ta kauce wa wannan tarkon da kuɗin gwamnati: cibiyar binciken masana'antu a 1973, sayen fasahar ƙwaƙwalwar na'urori daga kamfanin RCA na Amurka a 1976 tare da tura matasan injiniyoyi su koyo, sannan kafa kamfanin TSMC mai ƙera ƙwaƙwalwar na'urori a 1987, gwamnati na da kusan rabin jarin, kamfanin Philips na Holan na da sama da kwata. Wannan hanyar dokokin yau ba su toshe ta gaba ɗaya ba, sai dai shekara 14 ke tsakanin kafa cibiyar da kafa kamfanin, kuma duk tsawon lokacin baitulmali ne ke biya.